Tiren Manna Ƙarfen Haƙora da Ake Bugawa da Firinta: Ina Kuskuren Yake Ɓuya?

Wanda ya ga ƙarfen gyaran haƙora a bakin wani, idonsa kan tafi kan wayar. Amma waya ba ta san inda haƙori ya kamata ya tsaya ba. Ita burinta ɗaya ne, ta koma siffar da aka ƙera ta a kai. Abin da ke nuna wa haƙori hanya shi ne ɗan ƙarfen nan mai faɗin milimita uku ko kusa da haka da ake mannawa a fuskar kowane haƙori, wato biraket. A tsakiyarsa akwai tsagin da waya ke kwanciya a ciki. Tun daga tsarin da Lawrence Andrews ya fito da shi a shekarun 1970, kauri da karkata da kusurwar da kowane haƙori ke buƙata an riga an gina su a jikin biraket ɗin. Idan an manna shi a gurbinsa, waya za ta kai haƙori gida ba sai an lanƙwasa ta ba. Idan an kauce, za ta kai shi inda biraket ya nuna, kuma da cikakkiyar biyayya.

Manna biraket ɗaya bayan ɗaya a cikin baki aiki ne na ido da hannu a wuri mai ƙunci. Kunci yana tare gani, yawu yana kwarara, turamen baya kuwa sai an leƙa su a karkace ko ta madubi. Shi ya sa tun 1972 Silverman da Cohen suka kawo dabarar jera biraket a kan samfurin haƙora a wajen baki, a kwashe su gaba ɗaya cikin wani kube da ke hawa kan haƙora, a kai su baki a lokaci guda. Wannan kuben shi ake kira tire. A 1979 Thomas ya ƙara gyara: a manna biraket a samfurin da gam mai ƙafewa, ta yadda kowanne zai zo da gindin da ya ɗauki siffar haƙorinsa.

Abin da ya sauya yanzu shi ne samfurin ya koma cikin kwamfuta. Ana zagaya baki da sikana irin su iTero ko Trios ko Medit, a sami hoton haƙora mai fuska uku, yawanci a fayil ɗin STL, wato nau'in fayil da ke adana siffar abu. A cikin manhaja irin OnyxCeph ko OrthoAnalyzer, likita zai ɗauko hoton biraket daga rumbun manhajar ya ɗora a kan kowane haƙori, yana juya shi ta ko'ina, yana auna tsayi da lamba. Daga nan hanya ta rabu biyu. Wasu kan buga samfurin haƙoran da alamun gurbin biraket, sannan su yi tire a kansa da silikon ko da ledar roba da ake ɗumamawa a zuƙe ta kama samfurin. Wasu kuwa tiren kansa suke zanawa su buga da rezin mai laushi, wato ruwan roba da haske ke ƙafarwa, da aljihu ɗaya ga kowane biraket. A kan wannan hanya ta biyu aka fi jayayya, don ita ce ta cire hannun ma'aikacin ɗakin ƙira daga tsakiya, aka kuma yi zaton ta cire kuskure tare da shi.

Me ake nufi da daidai?

Biraket na iya kaucewa ta fuska shida. Uku na matsawa ne: gaba ko baya a kan layin haƙora, sama ko ƙasa tsakanin dasashi da bakin haƙori, da kuma ciki ko waje, wato nisansa da fuskar haƙori. Uku kuma na kusurwa ne. Akwai karkata, inda tsagin ke sunkuyawa gefe guda ya ja saiwar haƙori zuwa ga maƙwabcinsa. Akwai juyawa, inda haƙori ke waigawa a kan gindinsa. Sai na uku da likitoci ke kira tok, wato kishingiɗar haƙori zuwa leɓe ko zuwa harshe.

Iyakar da aka fi aunawa da ita ita ce rabin milimita a matsawa da digiri biyu a kusurwa. Rabin milimitan ya samo asali daga ma'aunin da hukumar ƙwararrun likitocin daidaita haƙora ta Amurka, ABO, ta fito da shi a ƙarshen shekarun 1990 don duba aikin da aka gama: idan gefen haƙori ya ɗara na maƙwabcinsa da fiye da haka, ana rage maki. A lura da kyau, an yi wannan ma'auni ne don haƙoran da aka gama gyarawa, masu bincike suka aro shi suka ɗora wa biraket. Aron yana da amfani, amma yana da sassauci fiye da kima. Biraket biyu na haƙoran gaba, ɗaya ya hau da milimita 0.4, ɗaya ya sauka da 0.4, duka sun ci jarrabawa a takarda, alhali a baki tsakaninsu 0.8 ne, kuma ko yaro zai gani a madubi.

Da aka tattara binciken da aka yi a kan tirori iri-iri, hoton da ke fitowa kusan ɗaya ne. Kuskuren matsawa yana yawo ne a wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, na tsayi ya ɗan fi sauran biyun. Kuskuren kusurwa kuwa matsakaicinsa wajen digiri ɗaya ne, kuma a nan ne ake yawan samun biraket ɗin da suka tsallake iyaka, musamman a tok. Tiren silikon na gargajiya har yanzu bai faɗi ƙasa ba. A gwaje-gwaje da dama ya yi kunnen doki da wanda aka buga da firinta, a wasu ma ya ɗara shi. Duk wanda ya ce maka komawa kwamfuta ya ninka daidaiton kai biraket baki, ya faɗi abin da alƙaluma ba su faɗa ba. Ribar kwamfuta tana wajen tsarawa, da iya sake buga tire ko yanki ɗaya nasa idan biraket ya ɓalle.

Dalilin da ya sa kusurwa ta fi wuyar kamawa lissafi ne kawai. Faɗin gindin biraket wajen milimita uku ne. Idan gam ya fi kauri a gefe ɗaya da milimita 0.1, abin da bai fi kaurin gashin kai da yawa ba, biraket ya kishingiɗa da kusan digiri biyu. Ka ga an cinye iyakar kusurwa gaba ɗaya da kuskuren da a ma'aunin matsawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na iyaka ba. Su kuma digiri biyun nan ba su tsaya a kan biraket ba. A babban haƙorin gaba na sama mai faɗin milimita takwas da rabi, juyawar digiri biyu na sa gefe ɗaya ya fito gaban ɗayan da wajen 0.3. Idan karkata ce, ƙarshen saiwar da ke da nisan milimita goma sha takwas daga biraket zai matsa fiye da rabin milimita. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Daga sikana zuwa firinta

Tun ran gini tun ran zane. Tire ba zai fi hoton da aka yi shi a kai kyau ba. Sikana tana ɗinka ƙananan hotuna ne ɗaya a jikin ɗaya, don haka a kan haƙori guda tana da kaifi sosai, amma kuskure na taruwa yayin da ake zagaya muƙamuƙi daga turmi zuwa turmi. Tire mai laushi yakan yafe wannan, domin yana buɗewa ko ya tsuke kaɗan ya hau. Abin da ba ya yafewa shi ne ƙaryar da ke kan fuskar haƙori. Kumfar yawu a kwarin turmi tana fitowa a hoto kamar tudu. Dattin da ya daskare a bayan haƙoran gaba na ƙasa, idan aka ɗauki hoto da shi sannan aka kankare ranar mannawa, ya bar rami a ƙarƙashin tire. Dasashin da ya kumbura yana rufe sashen haƙori, sai manhaja ta ɗauka haƙorin gajere ne ta sa tsakiyarsa a inda ba nan ba ne. Ƙa'ida ita ce a wanke baki tukuna, a bar dasashi ya lafa, a busar, sannan a ɗauki hoto.

Sai tazarar lokaci. A bakin matashi haƙora na ci gaba da fitowa, na madara na girgiɗi. Idan aka cire haƙori bayan ɗaukar hoto, ko aka cusa robar raba turame, ko aka yi sabon ciko a saman turmi, tiren da aka buga na wani baki ne da ya wuce. Mako biyu zuwa uku ba ya cika kawo matsala. Idan an shiga watanni, sake ɗaukar hoton ya fi araha a kan sake manna biraket shida.

A cikin manhaja akwai tarkon da ba a cika magana a kansa ba, wato rumbun biraket. Aljihun tire ana yanka shi ne a kan hoton biraket da ke rumbun, ba a kan wanda ke cikin akwatin likita ba. Kamfani na iya sauya ƙugiya ko gefen gindi a sabon zubi ya bar sunan yadda yake. Bambancin maikiron hamsin, wato milimita 0.05, ya isa ya sa biraket ya yi rawa a aljihu, ko ya ƙi shiga har ƙarshe.

Zanen tiren kansa ciniki ne tsakanin abu biyu da ba sa jituwa. Kana son ya riƙe biraket gam don kada ya motsa lokacin dannawa, kana kuma son ya sake shi salin alin lokacin cirewa. Tiren da ya lulluɓe biraket duka, har fikafikan da ake ɗaure waya a jikinsu da ƙugiyar maƙala roba, riƙonsa ba magana, amma wajen cirewa yana iya tahowa da biraket ɗin, ko ya yage ya bar gutsure a ƙarƙashin fiffike. Wanda ya rufe rabin biraket ta wajen bakin haƙori ya bar wajen dasashi a buɗe yana fita cikin sauƙi, yana ba da damar kwashe rarar gam kafin ya ƙafe, haske ma na samun hanya. Sai dai ya bar gefe ɗaya ba mai tsaro, kuma ta nan tok ke zamewa. Mafi yawan zane mai kyau yana tsakiya: a cike ƙarƙashin fikafikai da ƙugiya a manhaja don kada rezin ya shiga, a bar wani ɗan harshe ya shiga tsagin waya, domin tsagin ne ainihin abin da ake son ya tsaya daidai. Kaurin bango yakan kasance tsakanin milimita ɗaya da biyu, gwargwadon taurin rezin. Ana kuma barin 'yar tazara tsakanin aljihu da biraket, mutane da yawa na farawa daga wajen milimita 0.05, amma wannan lamba ba a aro ta. Kowace firinta da kowane rezin sai an gwada an ga inda biraket ke shiga da ɗan ƙarfi kuma ba ya faɗowa idan an kife tiren.

Firinta ita aka fi ɗora wa laifi, kuma a ganinmu ita ce mafi ƙarancin laifi idan ana kula da ita. Firintocin rezin, nau'in SLA da DLP da LCD, suna gina tire ne hawa-hawa, kowane hawa maikiron 50 ko 100, suna ƙafar da rezin da haske mai tsawon zango na nanomita 385 ko 405. Wannan kaifin ya wadatar. Inda ake samun matsala shi ne a bayanan da ke kewaye. Rezin na tire garai yake don hasken fitilar da likita ke ƙafar da gam da ita ya ratsa shi, amma wannan garai ɗin na barin hasken firinta ya zarce hawan da ake bugawa ya ƙafar da abin da ke bayansa, sai aljihu ya tsuke. Saitin da kamfanin rezin ya tantance wa wannan firintar shi ke rage haka, don haka haɗa rezin wani da saitin wani caca ce. Sandunan tallafi da ake bugawa tare da tire don su riƙe shi kada su taɓa cikinsa ko aljihu, domin ɗan kututturen da suke bari idan an karye su yana ɗage tiren daga haƙori. Kwantar da tire a farantin firinta yana rage yawan hawa da lokaci. Tsayar da shi yana ba da wurin buga da yawa, amma abu mai laushi idan ya yi tsawo yana lanƙwasa duk lokacin da farantin ya ɗaga.

Wanki da gasawa, wato ƙarasa ƙafar da tire a ƙarƙashin fitila bayan bugu, sun fi bugun kansa ɓata aiki. Ana wanke tire a alkohol na IPA mai ƙarfi, daga 'yan mintuna zuwa wajen ashirin gwargwadon rezin. Idan wankin ya gaza ko alkohol ɗin ya ƙoshi da datti, ragowar rezin na kwanciya a kusurwoyin aljihu, fitilar gasawa ta mai da shi dutse, biraket ya zauna a kansa a karkace. Idan wankin ya zarce, rezin na shan alkohol ya kumbura ya yi rauni. Dole ya bushe sarai kafin a gasa. Gashin da bai kai ba kuwa yana barin fuska mai danƙo, kuma da yake rezin ɗin tire da gam ɗin biraket dangin sinadari ɗaya ne, suna iya kama juna. Shi ya sa wasu ke shafa siririn abin rabawa a cikin tire, suna kiyaye kada ya taɓa gindin biraket.

Minti biyar ɗin da ke yanke hukunci

Duk abin da aka faɗa a baya ana iya daidaita shi sau ɗaya a ci gaba da maimaitawa. Abin da ba ya maimaituwa shi ne abin da ke faruwa a kujera.

Tun wajen loda biraket ake fara kuskuren da ba firintar da za ta hana. Na dama ya tafi hagu, na sama ya sauka ƙasa, ko a juya ɗaya kansa a ƙasa. Ɗigon launin da ke jikin biraket yana zama ne a fiffiken da ke wajen dasashi ta ɓangaren baya, kuma duba shi ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara gani ba ɓata lokaci ba ne. A danna kowanne har a ji ya zauna. Sannan a gwada tiren a baki babu gam, kafin a taɓa asid ɗin da ake shafa wa haƙori don gam ya kama. Wanda ya tsallake wannan gwajin zai gano tire ba ya hawa ne a lokacin da gam ke kan biraket ashirin da wani abu, agogo na tafiya.

A tsohuwar dabarar Thomas, gindin biraket ya riga ya ɗauki siffar haƙori, sai siririn gam kawai ake buƙata a baki. A tiren da aka buga kai tsaye babu wannan gindin. Biraket na kamfani ne mai lanƙwasa ɗaya ga kowa, haƙori kuma na mutum ɗaya ne. A manhaja gindin na taɓa haƙori a wurare kaɗan, sauran duk rata ce, kuma gam ɗin da aka shafa a ranar shi zai cike ta. A nan gizo ke saƙar. Gam ya yi kaɗan, an bar kogo a ƙarƙashin biraket inda datti zai taru ya bar farin tabo a haƙori, ko biraket ya ɓalle a makon farko. Ya yi yawa, rarar ta malala ƙarƙashin tire ta ƙafe a tsakanin haƙora da bakin dasashi, kuma biraket ya tsaya nesa da haƙori. Wannan ne ya sa idan aka duba alkiblar kuskuren ciki da waje, yawanci waje yake nunawa. Biraket ba zai iya nutsewa cikin haƙori ba, amma yana iya yin iyo a kan gam.

Kaurin gam ma magana ce. Gam mai tauri irin wanda aka saba da shi a mannawa kai tsaye yana buƙatar a matse shi da ƙarfi kafin ya baje, tire mai laushi kuwa ba shi da wannan ƙarfin, sai bangonsa ya buɗe ya bar biraket a inda gam ya tsayar da shi. Mai ruwa-ruwa yana bajewa da sauƙi amma yana gudu inda ba a aike shi ba. Da yawa kan ɗauki matsakaici, ko su dasa siririn mai tauri a cikin ragar gindin da kyau su ɗora ɗigon mai ruwa a kai. Tiren da aka loda da gam a rufe shi daga haske, domin fitilar kujera kaɗai ta isa ta fara ƙafar da shi.

Shirin haƙori bai sauya ba: a goge, a shafa asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 37 cikin ɗari na daƙiƙa 15 zuwa 30, a ɗauraye, a busar har fuskar ta yi fari kamar alli, a shafa shimfiɗar farko siririya, wato ruwan da ke taimaka wa gam kama haƙori. Bambancin shi ne yanzu muƙamuƙi guda ake son ya zauna a bushe a lokaci ɗaya. Bututun babban wurin da ke samar da yawu yana buɗewa a kunci daura da turmi na biyu na sama, a ƙasa kuma harshe na tura yawu kan turame. Can ne biraket ke yawan ɓallewa. Shimfiɗar farko idan ta taru a kwarin turmi aka ƙafar da ita, ta zama tsakuwa a ƙarƙashin tire.

Wajen ɗorawa, a fara danna tire ta saman haƙora har ya zauna ko'ina, sannan a tallafi kowane biraket ta waje da matsi mai sauƙi. Tiren da bai kai ƙasa ba yana barin biraket kusa da bakin haƙori fiye da yadda aka tsara, kuma hakan ya fi faruwa a turamen ƙarshe inda yatsa ba ya isa sosai, da inda haƙora suka cunkushe suka hau juna. Biraket da ya tsaya kusa da baki zai bar haƙorin a nutse idan waya ta miƙe. Matsi mai yawa shi ma ɓarna ne: yatsa ko kan fitila ya danne gefe ɗaya na aljihu mai laushi, biraket ya kishingiɗa, a ƙafar da shi a haka. Idan cunkoso ya yi yawa, raba tire gida biyu ko uku ya fi, muddin kowane yanki na da haƙora uku ko huɗu da zai tsaya a kai. Yanki mai haƙori ɗaya ko biyu yana lilo.

Haske ba ya ratsa ƙarfe, ta gefuna yake shiga, kuma bangon tire na rage masa ƙarfi. A haska kowane biraket ta gefe biyu, a cire tire, a sake haskawa. Cirewa daga ɓangaren harshe ko ganɗa ake farawa, a naɗo shi zuwa kunci a hankali. Fizgar sa sama kai tsaye na jan fikafikai a lokacin da gam bai gama ƙarfi ba.

Yadda za a karanta alƙaluman

Ana auna daidaito ne ta sake ɗaukar hoton haƙora bayan mannawa, a ɗora shi a kan tsarin kwamfuta, a ga ratar. Abu uku ne ya kamata mai karatu ya tambaya.

Na farko, a kan samfuri aka yi ko a bakin mutum? Samfuri ba shi da yawu, ba shi da kunci, ba ya motsi. Sakamakonsa shi ne iyakar abin da tire zai iya a rana mai kyau.

Na biyu, yaya aka yi matsakaicin? Idan biraket ɗaya ya hau da 0.3 ɗaya ya sauka da 0.3, aka haɗa su da alamar ƙari da ragi, amsar sifiri ce, kamar ba a yi kuskure ba. Lambar da ta fi faɗin gaskiya ita ce kashi nawa ne suka tsallake iyaka. A ƙaddara kashi biyar ne cikin ɗari, abin da ke kama da nasara. A baki mai biraket 28, idan kowanne kuskurensa daban yake, damar a sami aƙalla ɗaya a waje ta kai kashi uku cikin huɗu.

Na uku ya fi ɓoyuwa. Biraket na ƙarfe yana ƙyalli, yana rikita sikana, gefunansa masu kaifi su fito a dunƙule. Kuskuren maikiron hamsin wajen gano gefen abu mai milimita uku ya kai kusan digiri ɗaya. Ke nan wani kaso na abin da ake rubutawa a matsayin kuskuren tok na tire, na ma'aunin ne.

Akwai kuma abin da ke rage wa wannan lamba nauyi a aikace. Tok ba ya aiki sai da waya mai kusurwa huɗu, ita ma ba ta cika tsagin. Waya mai kaurin inci 0.019 da faɗin 0.025 a cikin tsagi mai inci 0.022 tana da wasa na wajen digiri goma kafin ta kama bango. Kuskuren digiri biyu ko uku yakan nutse a cikin wannan wasan. Tsayi kuwa ba shi da irin wannan rangwame. Duk abin da biraket ya hau ko ya sauka, haƙori zai biya shi kusan cif. Ƙari a kan haka, fuskar haƙori a lanƙwashe take, don haka sauya tsayi na sauya tok. A haƙoran gaba masu shimfiɗaɗɗiyar fuska abin kaɗan ne, amma a ƙananan turamen ƙasa masu ƙusumbi, milimita ɗaya na iya kawo sauyin da ya kusa digiri goma. Lambar da ta fi muni a takarda ba ita ce ta fi cutarwa a baki ba. Wanda ke son inganta aikinsa ya fara da zaman tire a kan turame kafin ya damu da tok.

Duk wannan awon yana amsa tambaya ɗaya ce kawai: shin biraket ya je inda aka tsara? Bai ce komai ba a kan ko tsarin daidai ne. Sikanar baki kambin haƙori kawai take gani, ba ta ganin saiwa. Haƙorin da bakinsa ya cinye a karkace ko ya gutsure yana yaudarar manhaja da mai amfani da ita, a daidaita biraket da bakin da ya lalace a bar saiwa ta jingina da maƙwabciya. Dole a ajiye hoton rediyo na muƙamuƙi gaba ɗaya a gefe lokacin tsarawa, ko a haɗa da hoton CBCT, wato hoton rediyo mai fuska uku, idan akwai dalilin ɗaukarsa. Gurbin da manhaja ke bayarwa da kanta mafari ne. Fiƙar da za ta maye gurbin ƙaramin haƙorin gaba, cizo mai zurfi da ke buƙatar a sauya tsayi, haƙorin da za a ƙara wa ciko daga baya, duk hukuncin likita ne.

Game da lokaci, tire na rage zaman majiyyaci a kujera, amma idan aka haɗa da tsarawa da bugu da wanki da lodi, jimillar aikin ta fi ta mannawa kai tsaye. Yawan ɓallewar biraket a tsawon jiyya bai nuna babban bambanci tsakanin hanyoyin biyu ba, sai dai ɓallewar nan take wajen cire tire, wadda ta fi yawa a hannun da bai saba ba.

Bayan an cire tire, a bi kowane biraket da ido ana kwatanta shi da hoton tsarin a allo, a auna tsayin na turame da ma'auni, a zura zaren haƙori a kowane tsakani don gano gam ɗin da ya haɗe haƙora biyu, a kankare rara da ɗan dutsen goge mai laushi. Wanda ya kauce a fili a cire shi a ranar, kafin waya ta shiga. Sauran ƙananan kurakurai ba sa bayyana sai haƙora sun jeru, bayan wata huɗu zuwa shida ko fiye. A lokacin ne ake sake ɗaukar hoton rediyo, a duba saiwoyi da gefunan turame, a sake manna biraket ɗin da suka nuna kansu kafin a shiga waya mai kauri.